Ome Koos da Faranti na Biyu

Ƙafafuna sun riga ni gajiya da Gidan Bep. Na fara aiki a can ina yarinya mai rawar kai, ina ɗaukar faranti jere a hannu ɗaya ina tsokanar masu cin abinci. Yau sai na naɗe gwiwoyina da bandeji kafin in ɗaura ƙyallen aiki, idan wani ya yi mini barkwanci kuma sai in yi kamar ban ji ba, don dariya ma ƙarfi take ci. Sunana Lenie. Ba labarina zan bayar ba, nawa bai kai a zauna a saurara ba. Labarin Ome Koos ne, mutumin da na yi shekara da shekaru ina ajiye wa faranti a gaba.

A nan kudancin Rotterdam, tsallaken kogi, Gidan Bep ba wurin burgewa ba ne. Abinci ɗaya ake dafawa a rana, wanda bai so ba ga ƙofa nan. Litinin dakakken dankali da ganye, Laraba dunƙulen nama da romo, Juma'a kifi, idan sanyi ya kankama kuma miyar wake mai kaurin da cokali ke tsayawa a cikinta. Kuɗin kuwa ɗan fansho ma yana iya biya kullum bai yi kuka ba. Akwai wani dogon tebur a bakin taga, jaridu zube a kansa. Da ƙarfe shida ta yi, duk wanda ba shi da mai dafa masa a gida nan yake nufa: matan da mazajensu suka rasu, tsofaffin ma'aikatan tashar jiragen ruwa, da waɗanda ba su taɓa aure ba har suka yi furfura. Ba abota ake ƙullawa ba. Ana dai cin abinci ne kusa da mutane.

Koos Verlaan sunansa, amma duk unguwa Ome Koos ake ce masa, kawun kowa, ko da yake bai taɓa ba ɗan kowa alewa ba. Aikinsa a da ɗaure jirage ne. Idan babban jirgi ya shigo tasha, su ne ke shiga ƙaramin kwalekwale su karɓo igiya su ɗaure, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Shi ya sa hannayensa suka yi kaushi, yatsun ba sa miƙewa sosai. Ba shi da yawan magana, ɗan abin da yake faɗa kuma rabinsa ƙorafi ne. Ni dai har na fara furfura bai daina ce mini “yarinya” ba.

Matarsa Riek ta yi masa girki fiye da shekara arba'in, ƙarfe shida abinci na kan tebur, ba fashi. Ba su haihu ba. Bayan rasuwarta ne ya fara zuwa wurinmu, kuma sau ɗaya tak ya taɓa gaya mini dalili, yana kallon farantinsa, ba ni ba.

“Na iya dafa dankali, yarinya, ba wani ilimi ba ne. Sai in zuba, in zauna, in ji agogon bango yana tafiya, sai maƙogwaro ya rufe. Ba ya wucewa.”

Iyakar bayanin ke nan. Idan Koos bai ci a cikin mutane ba, to ranar bai ci ba. Na riƙe wannan a raina, shi ya sa duk yammacin da ban gan shi ba nake ta leƙen ƙofa kamar wata uwarsa.

A ɗaya ƙarshen dogon teburin kuma Bertus Stolk ke zama. Tsohon mai raba wasiƙu ne, siriri, mai faffaɗan kunnuwa, haƙoransa na roba. Shi ne a saman Koos a benen da suke haya, matakala ɗaya suke hawa, kuma ba sa ga-maciji da juna. Asalin abin keke ne. Bertus ba ya yarda ya bar kekensa a waje, wai ɓarayi, wai tsatsa, sai ya ɗaure shi da sarƙa a ƙasan matakala, inda da ma mutum ɗaya da ƙyar yake wucewa. Koos ya yi magana, ya yi faɗa, ya kai ƙara wurin masu gidan, duk a banza. Ran da ciwon Riek ya tashi da safe, masu motar asibiti suka sauko da ita a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, keken na nan a ɗaure, Bertus kuma ya tafi kasuwa a ƙafa da makullin a aljihu. Sai da suka karkata gadon kafin suka wuce, ita kuma tana riƙe da gefensa tana ba su haƙurin wahalar da ta ba su. Ba keken ne ya kashe ta ba, likita ma ya ce da ma abin ya riga ya ci ƙarfinta. Amma da Koos ya dawo daga maƙabarta, zarto ya ɗauko. Ya yanke sarƙar, ya saɓa keken a kafaɗa, ya je ya jefa shi a ruwan tasha da rana tsaka, jama'a na kallo. Bertus bai kai ƙara ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba.

Haka muka yi ta tafiya har tsohuwa Bep mai gidan ta ajiye ludayi, ɗan ƙanenta Jurre ya karɓi gidan. Ba zan zage shi ba, ko da yake na sha yi a zuci. Unguwar ce ta canza a ƙarƙashin ƙafafunmu. Tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya suka koma ofisoshi, samari da 'yanmata masu jakar kwamfuta suka cika titi, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi. Jurre yini yake a gaban kwamfuta yana dafe da kai, idanunsa duk sun faɗa. Wata Litinin sai ga allo a bakin ƙofa, an rubuta da alli: daga ƙarfe biyar zuwa shida, faranti biyu a kuɗin ɗaya, giya ma haka. Awar rangwame ke nan, irin wadda ake yi a tsakiyar gari. Abin da ba a rubuta da manyan baƙaƙe ba shi ne an kusa ninka kuɗin farantin. Sharaɗi kuma mutum biyu ne, a zaune, ba a ƙunshe wa kowa na biyun ya tafi da shi gida. Wato masu zuwa bibbiyu suna biyan abin da suka saba, mai zuwa shi kaɗai kuwa ya shiga uku.

Koos ya karanta allon yana motsa leɓe, ya shigo ya tsaya a gaban Jurre bai cire hula ba.

“Meneer Verlaan, duk garin haka ake yi yanzu,” in ji Jurre, da ladabinsa na “Meneer”, wato Malam. “In ban yi ba rufewa za mu yi.”

“To ni da nake zuwa ni kaɗai fa?”

“Sai ka zo da wani.”

“Wanin nawa tana maƙabarta, ɗan nan. In je in tono ta?”

Jurre ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce ai injin karɓar kuɗin ma haka aka saita shi, kamar injin ne ya haife shi.

“Kuma wane mahaluki ne yake cin abincin dare ƙarfe biyar?” Koos ya ci gaba. “Asibiti ne nan? Ka dawo mana da farantin mutum ɗaya a kuɗin mutum ɗaya. Iyakar abin da nake nema ke nan, ban ce ka ba ni kyauta ba.”

Bai samu ba. Mutanen dogon tebur suka watse. Matan nan ba su sha wahala ba, nan da nan suka haɗu bibbiyu, mata ai ba sa jin nauyin irin wannan. Wasu mazan suka koma cin abincin gwangwani a gaban talabijin. Da yamma gidan sai ya cika da 'yan ofis, suna ihu a kan giya, suna tsoma ƙananan soyayyun dunƙulen nama a yaji, ni kuma ina ratsa su da tire ina cewa a ba ni hanya, ba mai ji.

Koos ya yi fushi ya ce ya bar Gidan Bep har abada. Ya shiga jirgin ƙasan cikin gari ya dinga zagaya birni yana karanta alluna. Ko'ina labarin ɗaya ne: biyu a kuɗin ɗaya, ko tulun giya na mutum huɗu, ko wurin da za ka danna allon gilashi ka zaɓi abinci, a kira lambarka, ka ci a tsaye kana kallon bango. Ya gwada wani wuri mai araha a kusa da babbar tasha, kiɗa ya kore shi kafin a kawo miya. Daga ƙarshe ya dawo bakin ƙofarmu, ya tsaya kusa da allon, yana neman wanda zai zama na biyunsa. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ko ashana ba. Kuma a ƙasar nan tamu, wa zai ci abinci da kai ba ku sa rana tun makonni ba? Sai mutum ya zaro waya ya ce bari ya duba, wataƙila yana da sarari ƙarshen wata. Wata yarinya kuwa ba ta ma tsaya jin ƙarshen maganarsa ba, ta damƙa masa tsabar kuɗi a hannu ta wuce. Ina kallo ta taga. Ya daɗe yana duban tafin hannunsa, sannan ya ajiye kuɗin a kan dakalin taga ya tafi gida. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fasa kofi a wurin wanki.

Cikin 'yan makonni wuyan rigar Koos ya yi masa yawa. Shi ma Bertus ba a bar shi a baya ba, shi da ma ba auki gare shi ba, ya koma kamar sandar tsintsiya. Kullum sai ya zo ya zauna da gahawa kofi ɗaya yana shaƙar ƙamshin romo.

Wata Laraba ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Koos ya shigo fakewa, wai jiran ruwa ya tsagaita yake. Bertus na ƙarshen tebur da gahawarsa. Ni kuwa na gaji. Na gaji da ƙafafuna, na gaji da allon, na gaji da tsofaffin maza biyu da yunwa ke ci saboda keken da kifaye suka daɗe da sabawa da shi. Na shiga kicin na ɗauko faranti biyu na dire su a tsakiyar tebur, ɗaya na kallon ɗaya.

“Ban ce ku gaisa ba,” na ce. “Ban ce ku yafe wa juna ba. Ku zauna ku ci, injin ba ya tambaya ko kuna shiri.”

Ba wanda ya motsa. Tururi na tashi daga dankalin.

“Wanne ne na kyautar?” in ji Koos. “Don ni ba na cin sadaka a bayan wancan mutumin.”

“Ni ma haka,” in ji Bertus, yana kallon rufin ɗaki.

“Babu na kyauta. Kowa rabi zai biya. In kuma ba ku so, in kwashe in ba karen mai wanki.”

Koos ne ya fara jan kujera. Ya haƙa rami a tsakiyar dankalinsa da bayan cokali, ya zuba romo a ciki kamar yadda ya saba, ya sunkuyar da kai. Bertus ya matso da kofinsa. Da suka gama, kowa ya zaro tsabar kuɗinsa ya tara a gabansa, tsibi biyu, ba mai taɓa na wani. Koos ya fita, Bertus ya jira ya yi nisa sannan ya bi bayansa, alhali ƙofa ɗaya za su shiga.

Washegari ƙarfe biyar sai ga su, ɗaya bayan ɗaya. Haka aka ɗora, har ya zama kullum.

Kada a ɗauka sun shirya. Ni na zama 'yar aikensu, da bakina suke magana, suna zaune gwiwa na gogar gwiwa.

“Yarinya, gaya wa maƙwabci gishirin ba na ubansa ba ne.”

“Lenie, gaya wa maƙwabci in yana so ya miƙa hannu, ai ya iya miƙa hannu ga kayan mutane.”

Abin da ya fi ci wa Koos rai shi ne yadda Bertus ke cin abinci. Gaskiya ni ma ban taɓa jin irinsa ba. Miya zuƙarta yake da ƙara kamar ana janye ruwa a kwata, haƙoran robar nan suna ƙwas-ƙwas, bayan kowace loma kuma sai ya yi wani ɗan gurnani na jin daɗi, mm, mm, ya tanɗe baki. Koos sai ya ajiye cokali ya rufe ido.

“Yarinya, tambaye shi ko a garke aka yaye shi.”

“Gaya masa mai jin daɗin abinci ba ya ɓoyewa. Ba kowa ke ci kamar ana binne shi ba.”

Wani lokaci ina isar da saƙon, wani lokaci in ce su ji da kansu, ina da tebur goma a wuyana. Amma wuyan rigar Koos ya koma daidai. Faranti yake sharewa tas, yana mita yana ci, har da kastad a ƙarshe idan ya samu. Kusan shekara biyu aka yi a haka, kuma duk ran da Jurre ya gitta sai Koos ya tuna masa: farantin mutum ɗaya a kuɗin mutum ɗaya, don ya rabu da wannan masifa.

Sai ga shi wata rana da kaka Bertus ya faɗi a banɗakinsa, ɓarin jikinsa ya shanye. Koos ne ya ji ƙarar faɗuwar ta rufin ɗakinsa, shi ya kira motar asibiti. Matakala kuwa fayau, babu abin da ya tare hanya. 'Yar Bertus, Marjon, wadda ke zaune a wani gari, ta zo ta sama masa wuri a gidan kula da tsofaffi can arewacin kogi, ta kwashe kayan ɗakin, ta koma bakin aikinta. Ba na ganin laifinta, ita ma da nata nauyin.

Koos ya ɓace mana. Na yi ta leƙen ƙofa har wuyana ya yi ciwo. Sai wata Laraba na ga ƙofa ta buɗe da ƙafa, keken marasa lafiya ya fara shigowa, Bertus a ciki an lulluɓe shi da bargo, bakinsa ya karkace, Koos a baya yana haki, ruwa na ɗiga daga hularsa. Ashe jirgin ƙarƙashin ƙasa ya shiga ya haye kogi, ya sa hannu a takardar masu gidan tsofaffin, ya turo shi har nan.

“Kada ki kalle ni haka,” ya ce. “Don rabin kuɗi na ɗauko shi. Matsar da kujerar nan.”

Na kawo faranti biyu. Koos ya haƙa ramin romo a nasa, ya haƙa a na Bertus, ya murmushe naman da cokali mai yatsu har ya yi laushi. Ya ɗaura masa adiko a wuya da yatsun nan nasa da ba sa miƙewa.

“Yarinya, gaya masa ya buɗe baki.”

Bertus ya buɗe. Rabin lomar ta dawo ta gefen da ya mutu, Koos ya tare da cokali ya mayar. Magana ta ƙwace wa Bertus, amma gurnanin nan na nan, mm, mm, har ya fi na da ƙarfi. Koos ya yi tsaki, ya ɗebi nasa ya kai baki. Loma ɗaya ga Bertus, loma ɗaya gare shi. 'Yan ofis suka dinga juyowa suna murmushi, wata ma ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto, wai ba ta taɓa ganin abota mai daɗi irin wannan ba. Kallo ɗaya Koos ya yi mata ta mayar da wayar jaka.

Da aka zo biya, ya tara tsibi a gabansa, ya tara wani a gaban Bertus. Duka daga aljihunsa suka fito, ina tsaye ina gani. Bertus ba shi da ko sisi a jikinsa, katin bankinsa na wurin Marjon, fanshonsa kuma gidan tsofaffin ke cinyewa. Wato kuɗin da Koos ya ce ba zai iya biya ba, wanda ya sa shi tsayuwa a bakin ƙofa kamar mai bara, shi yake biya yanzu cif, ga wahalar hanya a kai. Shi ya sa suka koma zuwa Laraba da Juma'a kawai. Sauran ranakun burodi da cuku ne a gida, in ma ya wuce.

Na daɗe ina gani, ran nan dai na kasa haƙuri.

“Koos, wa kake yaudara? Wane rabin kuɗi?”

“Yi aikinki, yarinya. Ga can ana ɗaga miki hannu.”

Wata Juma'a cikin hunturu, Bertus ya ƙi buɗe baki. Ya kafe Koos da idonsa mai kyau, yana ta kokawa da harshensa, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Da ƙyar kalma ɗaya ta fito, ni ma da ke goge teburin kusa na ji ta.

“Keke.”

Koos ya tsaya da cokali a sama. Na jira ya ce in gaya masa wani abu. Hawaye na bin kuncin Bertus ta gefen da ya karkace, yana ta ƙoƙarin ƙaro wata kalmar, ta ƙi zuwa. Koos ya ɗauki bakin adikon ya goge masa fuska, ba a hankali ba, kamar mai goge tebur.

“Na ji,” ya ce. “Ci abincinka, maƙwabci, kifin zai huce.”

Ranar ce farkon da ya yi masa magana ba ta bakina ba. Na shige kicin na tsaya a gaban tukunya, mai girki ta tambaye ni ko albasa ce, na ce mata eh.

Bertus bai ga bazara ba. Aka yi jana'iza irin tamu, gajeriya, bayanta gahawa da yankan kek ɗaya-ɗaya. Koos ya tsaya a baya cikin tsohuwar kwat ɗinsa ta aure. Marjon ta zo ta riƙe hannunsa tana godiya, ya ce mata ba komai, da ma hanyarsa ce, alhali kowa ya san ba abin da ke kai shi arewacin kogi. Ya ci kek ɗin ya ce ya bushe.

A cikin watan ne Jurre ya zo da sabuwar dabara. Ya karanta a wani wuri cewa yanzu cin abinci kai kaɗai shi ne yayi, masu zaman kansu sun yi yawa a birni, su ne kasuwa. Ya sayar da dogon tebur, wai yana cin wuri. Aka kafa wani siririn katako a jikin bango daga wannan kusurwa zuwa waccan, aka jera dogayen kujeru marasa majingina, kowace da wurin cajin waya a gabanta. Aka goge allo aka sake rubutu: daga biyar zuwa shida, farantin mutum ɗaya a rabin kuɗi. Har ga Allah yaron nan da kyakkyawar niyya ya yi. Da Koos ya shigo ran Laraba, da fara'arsa ya tare shi.

“Meneer Verlaan, ga abin da ka daɗe kana nema. Yanzu ba ka bukatar kowa.”

Koos ya dubi inda teburin yake a da. Sawun ƙafafun teburin na nan a kan daɓe, wuri huɗu da katakon bai dushe ba. Ya dafa bango ya hau doguwar kujerar da ƙyar, ƙafafunsa na lilo kamar na ɗan makaranta. A damansa wani saurayi ne da abin sauraro a kunne, a hagunsa ba kowa. Na kawo masa dunƙulen nama da dankali. Ya haƙa raminsa, ya zuba romo, ya riƙe cokali, ya zauna yana kallon bango.

Na kai giya teburin baya, na dawo, yana nan. Na kwashe kwanuka, na dawo, romon ya fara daskarewa a cikin ramin. Tun da na fara aiki a gidan nan ban taɓa zama a ɗakin cin abinci a lokacin aiki ba, Bep ta hana, ni ma na saba. Ranar na zubo nawa a faranti, na ce wa Jurre ya ji da teburan da kansa, na kama katakon na hau kujerar hagun Koos, gwiwoyina na kuka.

“Ba don kai na zauna ba,” na ce. “Ƙafafuna ne.”

Ya gyaɗa kai. Na fara ci, shi ma ya ɗebi loma ɗaya, ya ƙara ta biyu. Har na fara jin sanyi a raina. Sai ya ajiye cokalin.

“Yarinya, ke haka kike cin abinci? Ko motsinki ba na ji.”

Na gane abin da yake nema. Ni da uwata ta yi ta dukan hannuna a kan tebur har na koyi tauna baki a rufe, na ɗebi romo a cokali na zuƙa da ƙarfi, na tanɗe baki, na yi mm, mm, a tsakiyar 'yan ofis, da furfurata da komai. Saurayin nan ya zare abin kunnensa ya leƙo. Koos ya saurara, kansa a karkace, kamar mai jiran jirgi ya yi ƙaho daga nesa. Sannan ya girgiza kai.

“Ba haka ba ne,” ya ce a hankali. “Amma kin yi ƙoƙari.”

Ya ƙara loma ɗaya don kada in ji kunya, na ga yadda ya yi ta juya ta a baki kafin ya haɗiye. Ya zaro tsabar kuɗinsa ya fara rabawa gida biyu a kan katakon, sai ya tsaya, ya haɗe su da gefen hannu ya turo mini. Ya sauko daga kujerar yana dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba.

“Gaya wa yaron abincinsa ya yi araha, na gode,” ya ce. “Sai dai ba ya wucewa.”

Ya gyara hularsa ya fita. Na bi shi da kallo ta taga har ya sha kwana, yana tafiya a hankali, hannayensa a gaba kaɗan kamar har yanzu akwai abin da yake turawa. Na ɗauki farantinsa na kai kicin. Mai girki ta dubi naman, ta dube ni, ta tambaya ko wani abu ne ya samu dunƙulen nata. Na ce mata lafiyarsa ƙalau, na juye shi a kwandon shara, na koma ɗaukar odar giya.